Sakandaren Brockton: Gyaran da Ya Taso Daga Teburin Shugabannin Sassa

Brockton birni ne a jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka, kudu da Boston, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota. A da garin maɗinka takalma ne, masana'antunsa na cika kasuwannin ƙasar da kaya. Da masana'antun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai aka bar mutanen garin da talauci da kuma tinƙaho da 'yan dambensu biyu, Rocky Marciano da Marvin Hagler. Baƙi suka shigo suka cika unguwanni, akasarinsu daga Cape Verde da Haiti, kuma yaransu da yawa ba da Turanci ake magana a gidajensu ba.

Kusan duk yaran nan wuri guda suke haɗuwa idan sun kai babbar sakandare. Makarantar gwamnati ce da aka buɗe gininta a 1970, wadda a lokacin da wannan labari ya faru take ɗauke da ɗalibai sama da 4,000 da malamai kimanin 300. Babu wadda ta kai ta girma a duk jihar. Saboda girmanta aka kasa ta gida huɗu, kore da ja da shuɗi da rawaya, kowane gida da nasa shugaban, sannan ga firinsifal a samansu duka. Ta ɓangaren karatu kuma akwai sassa kamar yadda muka sani: Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi da zamantakewa, motsa jiki da sauransu, kowanne da shugabansa.

A 1993 majalisar jihar ta yi dokar gyaran ilimi. Dokar ta zo da ƙarin kuɗi ga gundumomi marasa galihu, ta kuma zo da jarrabawar bai-ɗaya mai suna MCAS, wadda ɗalibai ke zaunawa a aji na 10, kwatankwacin ajin farko na babbar sakandare a wurinmu. An fara ta a 1998. Da sakamako ya fito, kashi 44 cikin 100 na yaran Brockton sun faɗi Turanci, kashi 75 sun faɗi lissafi. Ga shi kuma an riga an sanar cewa daga waɗanda za su kammala a 2003, duk wanda bai ci wannan jarrabawa ba babu takardar shaidar kammalawa. Ke nan in aka ci gaba a haka, yara ɗaruruwa za su yi shekara huɗu suna sintiri su fita hannu rabbana. Dama can ɗaya cikin uku yana barin makarantar kafin ya gama.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin malaman wurin a wancan zamani, ana faɗinta a baranda da ɗakin malamai ba tare da kowa ya ji nauyi ba: wai ɗalibi yana da 'yancin ya faɗi idan ya ga dama. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san irin wannan magana, ko da da wasu kalmomi ya ji ta. Na yi nawa, sauran ya rage gare su. Gidajensu ne, iyayensu ne, ba sa jin Turanci. Kowace daga cikin waɗannan tana da ɗan kamshin gaskiya, shi ya sa take da wuyar tumɓukewa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan lamari shi ne inda gyaran ya taso. Mutum biyu ne suka fara, kuma duka shugabannin sassa ne. Ɗaya Susan Szachowicz, malamar tarihi mai riƙe da sashen tarihi da zamantakewa, wadda ita kanta a wannan makaranta ta yi karatu. Ɗayan kuma Paul Laurino, shugaban sashen Turanci. Suka riƙa tara duk malamin da ya yarda ya zo ranar Asabar, a zauna a baje takardun sakamako a kan tebur a yi ta muhawara. Wannan zama shi ne aka sani da kwamitin sake fasalin makaranta. Waɗanda suka halarta sun faɗa daga baya cewa kunya ce ta fara tunzura su, kunyar ganin sunan makarantarsu a can ƙasan jeri cikin jarida.

Yunƙurinsu na farko bai yi nasara ba, kuma Szachowicz ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Sun lura cewa an kawo tambaya a kan rubutun Shakespeare a jarrabawar, sai aka duƙufa ana ɗura wa yara Shakespeare. Shekara ta zagayo, takarda ta fito, babu Shakespeare a cikinta. Wannan shi ne hasashen tambaya da muka saba gani ana yi gab da WAEC, kuma sakamakonsa ɗaya ne ko'ina. Amma faɗuwar ta yi musu rana, domin ita ta sa suka sauya tambayar da suke yi wa kansu. Suka daina neman sanin abin da zai fito, suka koma duba abin da yaro yake buƙatar iyawa ko me aka kawo masa.

Da suka sake bin takardun jarrabawar a tsanake, sai suka ga abu guda yana maimaita kansa. Ko a lissafi, ko a kimiyya, ana ba yaro dogon bayani ya karanta, sannan a ce ya rubuta amsa da hujjarsa. Yaransu kuwa da yawa barin wurin suke yi fayau, ko su rubuta layi ɗaya su ajiye biro. Daga nan kwamitin ya tsayar da abubuwa huɗu: karatu, rubutu, magana da kafa hujja. Aka rubuta abin da ake nufi da kowanne a kan manyan takardu aka manna a kowane aji. Sannan aka yanke shawarar da ta tayar da ƙura: kowane malami, ko me yake koyarwa, zai koyar da rubutu, kuma da salo iri ɗaya.

Yanke shawara abu ne mai sauƙi. Makarantu nawa ne suka rubuta irin wannan a takarda, aka karanta a taron malamai, aka tafa, aka watse, shi ke nan? Abin dubawa a Brockton shi ne hanyar da shawarar ta bi daga teburin kwamiti har ta isa littafin yaro, kuma kowane mataki na wannan hanya ta hannun shugaban sashe ya bi.

Sun fara da lokaci. Yarjejeniyar da ke tsakanin hukuma da ƙungiyar malamai ta ware awa biyu a wata don taron malamai, waɗanda a da ake ƙarar da su wajen karanta sanarwa. Kwamitin bai nemi ƙarin minti ɗaya ba, domin sun san da zarar sun taka yarjejeniyar sun ba masu adawa sandar dukansu. Sai suka mai da waɗannan awanni biyu ajin koyar da malamai. Aka fara horar da shugabannin sassa, sannan aka kasa malamai 300 ƙananan rukunoni, 'yan'uwansu malamai suna koya musu darasin daidai yadda za su koya wa yara. Ba a ɗauko wani masani daga waje ba. Wanda ke tsaye gaban allo abokin aikinka ne da kuke shan shayi tare, kuma gobe shi ma zai shiga aji ya yi abin da yake ce maka ka yi.

Darasin kansa matakai goma ne, kuma babu wani abin mamaki a cikinsu. Yaro zai karanta tambayar, ya zagaye kalmar da ke ba da umarni, wato ko an ce ya bayyana, ko ya kwatanta, ko ya kawo dalili. Ya ja layi ƙarƙashin muhimman bayanai. Ya juya tambayar ta zama jimlar da zai buɗe amsarsa da ita. Sai ya karanta nassin da aka ba shi yana ɗaukar abin da ya shafi tambayar, ya tsara su a wani ɗan zane kafin ya fara, ya rubuta sakin layi bayan sakin layi, a ƙarshe ya koma ya karanta ya gyara. Wata malamar kimiyya ta fara da sa ɗalibanta su rubuta dalla-dalla yadda ake haɗa burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, tun daga buɗe kabad har zuwa wanke wuƙa, don su ga yadda tsallake mataki ɗaya ke ɓata bayani gaba ɗaya.

Sai jadawali, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan shirin. An raba makonnin shekara tsakanin sassa. Wannan makon na sashen tarihi ne, bayan 'yan makonni na kimiyya, sannan lissafi, sannan motsa jiki, har kowa ya samu nasa. Malami shi zai zaɓi nassin da ya dace da darasinsa, amma matakan da ma'aunin ba da maki ɗaya ne. Saboda haka yaro guda zai ci karo da salon nan sau da yawa a shekara, daga bakin malamai daban-daban, a kan batutuwa daban-daban, har ya zame masa jiki. Kuma tunda an san makon kowane sashe, babu malamin da zai ce ai zan yi idan na samu sarari.

Malaman motsa jiki na cikin waɗanda suka fara ƙorafi. Suka samu shugaban sashensu, Michael Thomas, suka ce su fa filin wasa aka ɗauke su aiki, ina ruwansu da koyar da rubutu? Amsar da ya ba su, kamar yadda ya faɗa wa jaridar New York Times daga baya, ita ce in dai mutum yana son aiki a sakandaren Brockton to wannan aikinsa ne. A lura da wanda ya yi maganar. Da firinsifal ne ya faɗe ta daga ofishinsa, da an ce bai san halin da ake ciki a fili ba. Da shugaban sashen Turanci ne, da an ce yana sauke wa wasu nasa kayan. Amma ta fito daga bakin mutumin da ya yi shekaru da usur a wuya kamar su.

Ba tsawa kaɗai aka yi amfani da ita ba. 'Yan kwamitin sun gane cewa yawancin masu ja da baya tsoro ne ke damunsu: malamin lissafi da ya shekara ashirin bai taɓa duba insha'i ba yana fargabar ya ji kunya gaban ɗalibansa, wani kuma yana ganin wannan ma wata sabuwar yayi ce da za ta wuce kamar na baya. Kalmar da suka riƙe ita ce "bari in taimaka maka". A zauna da kai a zaɓi nassi, a tsara tambaya, a duba takardu biyu-uku tare. Akwai wanda ya kafe har aka kai ga sallamarsa bayan an bi duk matakan da doka ta tanada, amma mafi yawan waɗanda suka fara da gunaguni sun zauna sun yi aikin.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi gudu a makarantu. Idan makon sashe ya wuce, malami zai tattara rubutun ɗalibansa da makin da ya ba su ya kai wa shugaban sashe. Ka ƙaddara kana tsaye a bakin wannan tebur. Ga tulin takardu daga aji biyu masu darasi ɗaya. A na farko, yaro ya rubuta layi huɗu babu hujja ko ɗaya, an ba shi cikakken maki. A na biyu, yarinya ta cika shafi da hujjoji uku daga nassi, an ba ta rabi. Shugaban sashe ba ya buƙatar wani ya kawo masa tsegumi, takardun sun gaya masa cewa malaman nan biyu ba abu ɗaya suke nema daga yara ba. Zai ga wanda ya ba da tambaya mai sauƙi don ya huta, zai ga wanda ya sa maki bai rubuta wa yaro ko kalma ɗaya ta gyara ba. Sai ya kira su su zauna a kan takardun. Daga nan samfurin ya wuce ofishin mataimakin firinsifal mai kula da manhaja, inda ake kwatanta sashe da sashe.

A makarantun da na sani, shugaban sashe yakan karɓi littafin shirin darasi ranar Litinin, ya sa hannu da jan biro, ya duba ko an cike rajistar abin da aka koyar, ya tattara tambayoyin jarrabawa a ƙarshen zango. Duk waɗannan suna nuna abin da malami ya ce zai yi ko ya ce ya yi. Littafin yaro ne kaɗai ke nuna abin da ya shiga kan yaro, kuma shi ne ba kasafai ake ɗaukowa ba. Na san dalilin: aji mai ɗalibai 80 ko 100, shi kansa shugaban sashen yana da nasa azuzuwan, kuma sau da yawa muƙamin ba ya zuwa da ragin aiki. Amma ko littafi biyar aka zaro daga kowane aji, za su faɗi abin da rajista ba za ta taɓa faɗa ba.

Sakamakon 2001 ya fito, adadin masu faɗuwa a Brockton ya ragu da kusan rabi. Kwamishinan ilimi na jihar, David Driscoll, ya zo makarantar da kansa ya sanar cewa ita ce ta fi kowace ci gaba a jihar. Szachowicz ta sha faɗin cewa malamai ba su yarda da shirin kafin su fara ba, sun yi shi ne don an ce dole, yardar ta zo ne bayan sun ga sakamako. Wajibi ne a ƙara wani abu a nan don kada a yi wa labarin kwalliyar da ta wuce gaskiya: a wannan shekarar duk jihar ta ɗaga, domin ita ce shekarar farko da yara suka san takardar kammalawarsu na rataye a kan jarrabawar, suka zauna mata da gaske. Abin da ya bambanta Brockton shi ne ta fi saura ɗagawa, kuma ba ta tsaya ba. Zuwa 2009 da 2010, ci gaban da ɗalibanta ke samu a Turanci ya zarce na kashi 90 cikin 100 na sakandaren jihar, alhali kusan kashi biyu cikin uku na yaran daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi suke. Ronald Ferguson na Jami'ar Harvard ya sa ta cikin makarantun da ya yi nazari a kansu, kuma a Satumbar 2010 New York Times ta ba da labarinta. Abin ya ja hankali ne saboda a lokacin ra'ayin da ke tashe a Amurka shi ne a farfasa manyan makarantu su zama ƙanana, ko a cire firinsifal da rabin malamai a kawo sababbi. Brockton ta gyaru da girmanta, da malamanta na da.

To ina firinsifal a duk wannan? Rahoton Harvard ya nuna cewa a farkon tafiyar shugabancin makarantar bai tare wa kwamitin hanya ba, ya bar abin ya gudana. Wani zai raina wannan, ni ban raina shi ba. Shugabanni nawa ne za su ga na ƙasa da su suna taro ranar Asabar a kan yadda za a gyara makaranta, su kwana lafiya ba su ɗauke shi a matsayin yunƙurin ƙwace kujera ba? Sannan shugaban sashe ba shi da ikon mai da taron malamai ajin horo, ba shi da ikon ɗora wa wani sashe jadawali, ba shi da ikon hukunta wanda ya ƙi. Duk waɗannan sai da sa hannun na sama. Eugene Marrow ne ke kan kujerar lokacin da shirin rubutun ya kankama, kuma da bai tsaya a bayansa ba, da maganar Thomas ga malamansa ta zama barazanar fatar baki.

A 2004 Szachowicz ta gaje shi, bayan ta riƙe ɗaya daga cikin gidajen huɗu ta kuma yi mataimakiyar firinsifal mai kula da manhaja. Babban abin da ta yi a kujerar shi ne hana makarantar waiwaye. Kowace shekara akwai sabon shirin da ake tallatawa, ita kuwa ta riƙe abubuwan nan huɗu, ana ƙara sabon darasi a kansu, yau karanta jadawalin alƙaluma, gobe koyar da kalmomi, amma hanyar ba ta sauya ba: kwamiti ya tsara, a horar da kowa, a sa a jadawali, a tattara aikin yara. Sabon malami da ya zo sai an koya masa salon. Masu shiga aji duba darasi kuma aka horar da su su nemi abu ɗaya, su yi magana da harshe ɗaya.

Lissafi bai bi sawun Turanci ba. An samu ci gaba, masu faɗuwa sun ragu sosai, amma makin bai kai inda na Turanci ya kai ba. A fahimtata wannan yana nuna iyakar shirin. Koya wa yaro karanta tambaya da tsara amsa zai cire masa shinge ɗaya, amma idan ya iso aji na 9, wato shekarar farko a makarantar, bai iya kasafin lamba ba, wannan rami ne da sai sashen lissafi da kansa ya cike, da nasa tsarin, da nasa shugaban mai zurfi a fannin.

Szachowicz ta yi ritaya a ƙarshen 2012, Sharon Wolder ta hau kujerar a 2013, ita ma tsohuwar malamar tarihi ce da ta taso cikin tsarin. Bayanta kujerar ta sauya hannu sau da dama. Michael Thomas kuwa ya ci gaba da hawa har ya zama shugaban hukumar makarantun birnin baki ɗaya a 2019.

Da a nan labarin ya tsaya da ya fi daɗin ji. A 2023 hukumar makarantun Brockton ta rage ma'aikata kimanin 130 saboda ƙarancin kuɗi, sannan a watan Agusta aka gano giɓin sama da dala miliyan 14 a kasafin shekarar da ta gabata, wanda bincike ya nuna daga baya ya haura miliyan 18. Aka wayi gari ana tara ɗalibai a ɗakin cin abinci saboda babu malamin da zai shiga ajinsu. Faɗa ya yawaita a baranda, ana ɗauka a waya ana yaɗawa. A farkon 2024 malamai suka tsaya gaban kwamitin makarantun birnin, wasu suna hawaye, suna faɗin cewa ba su da kwanciyar hankali a wurin aikinsu. A watan Fabrairu mutum huɗu daga cikin 'yan kwamitin suka rubuta takarda suna neman a turo dakarun tsaron jiha cikin makarantar. Magajin gari Robert Sullivan bai goyi baya ba, gwamna Maura Healey ma ta ce ba za ta tura ba.

Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin ginin nan ne dai da baƙi ke zuwa daga jihohi daban-daban don su ga yadda ake yi. Ba zan ɗora laifin a kan mutum ɗaya ba, kuma annobar korona ta bar nata tabon a nan kamar ko'ina. Amma duk tsarin da na bayyana a sama yana tsaye ne a kan abubuwan da ba na shugaban sashe ba ne: malami a kowane aji, awa biyun nan na wata-wata, firinsifal da zai daɗe har ya san sunayen mutanensa. Shugaban sashe ba zai tattara rubutu daga ajin da yaransa ke zaune a ɗakin cin abinci ba, kuma wanda ya wuni yana raba faɗa ba zai zauna da yamma yana kwatanta makin aji biyu ba.

A Nuwambar 2024 masu zaɓe a Massachusetts suka kaɗa ƙuri'a a kan MCAS, kusan kashi 59 cikin 100 suka amince a cire sharaɗin cin ta kafin a ba ɗalibi takardar kammalawa. Har yanzu ana zaunawa jarrabawar, ana kuma buga sakamakon kowace makaranta, amma wa'adin da ya fitar da Szachowicz da Laurino daga gidajensu ranar Asabar babu shi yanzu.